Yunwar da Na Kai Abuja

Duk wanda ya gan ni yau da wannan tumbin da ke riga ni shiga ɗaki ba zai yarda cewa na taɓa zama mahayin dawakin sukuwa ba. Jikokina ma dariya suke yi in na faɗa. To, su yi ta yi. Ni dai na san akwai shekarar da na kai goɗiya daga Damagaram har Abuja, na yi wajen wata guda ina ƙin abincin mutanen kirki, duk saboda tsere guda ɗaya.

Sunana Isuhu, amma a garinmu Laba Biyu ake ce mini, kuma sai na faɗi dalili kafin a gane sauran labarin. Akwai wani tsere da ake yi a Ikko sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwan sama. Na dawakin Ingila ne zalla, masu takardar asali, kuma 'yan shekara uku kaɗai, wato doki sau ɗaya yake shigarsa a rayuwarsa. Kafin mahayi ya hau, sai ya zauna a kan sikeli rungume da sirdinsa, a karanta nauyinsa da laba, awon Turawa. In bai kai abin da aka yanka ba, sai a cika masa da dalma a aljihun shimfiɗar sirdi. In kuwa ya zarce, ai ba a yanke naman mutum.

Ina saurayi wani attajiri ya ɗauke ni in hau masa doki a tseren. Na sauka a Agege gidan wani bawan Allah, matarsa ta yi kwana uku tana yi mini girki, ni kuma an rene ni a kan cewa baƙo ba ya mayar da kwano da abinci a ciki. Na ci. Ranar tsere na zauna a sikeli, mai awo ya duba ya ce na zarce da laba biyu. Nan take mai doki ya sauke ni ya ɗora wani, dokin kuwa ya je ya ci kofi ina tsaye a bayan shinge da sirdi a hannu. Labari ya riga ni isa gida, sunan ya manne mini. Shekara goma sha ɗaya ina jin sa, har daga bakin surukaina.

Saboda haka da Alhaji Lawali, wani mai fataucin fata a garinmu, ya sayi 'yar goɗiya jinin Ingila ya ce ni zan rene ta kuma ni zan hau ta a tseren, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Sunanta na takarda Turanci ne, ba mai iya faɗa, mu 'Yar Gata muke ce mata. Alhaji yana da wasiƙa daga sakataren tseren, wani Malam Tukur, wadda ta ce tunda gwamnati za ta tashi daga Ikko ta koma Abuja, tseren ma zai bi ta, za a ci gaba da yi a sabon fili a lokacin da aka saba. Wasiƙar ta shekara biyu a akwatinsa. Ba wanda ya yi tunanin a sake tambaya, ni ma ban yi ba. Goɗiya ta cika uku, ni kuma na haura talatin da biyar, gwiwoyina sun fara magana. Daga ni har ita, wannan shekarar ce kaɗai muke da ita. Alhaji ya ce in yi gaba in sa sunanta, in na ji ranar in aiko ya taho.

Tun a cikin lori na fara gane matsayina. Duk shingen da aka tsayar da mu, sai a tambayi takardu. Ni ba ni da komai sai wani tsohon kati da hoton ya goge, ita kuwa goɗiya tana da takarda mai hatimi da sunayen kakanninta har bakwai. Wani ɗan sanda ya juya katina ya juya, ya jefo mini, sannan ya karɓi tata da hannu biyu yana karantawa. Ya ce doki ya wuce, mai doki kuma ya wuce albarkacin doki. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Direban lorin, shanu ne ya ɗauko zai kai kudu, mu an keɓe mana lungu ne a baya da katako. Ya yi wa Alhaji alkawarin zai sauke mu a cikin Abuja. Kwana biyu muna tafe, ya bi ta wata hanya da ban sani ba, rana tsaka ya tsaya a wata kasuwa a bakin titi ya ce mun iso. Na duba, na ga rumfunan doya da gawayi da awaki. Na ce masa wannan ce Abujar da ake faɗa, wadda aka ce ta fi Ikko? Ya ce ai sabuwa ce, yanzu ake ginawa. Na yarda, jakin banza da ni. Sai da ƙurar lorin ta kwanta wata mai abinci ta gaya mini nan Masaka ne, Abuja tana can gaba, tafiya ce sosai.

Mama Ladi sunan matar, ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta kasuwa. Ta ba ni wuri a bayan rumfarta na kafa turke, ta sa aka kawo wa goɗiya ruwa a baho. Ina ba goɗiyar dawa da harawa, sai ga Mama Ladi da kwanon sakwara da miya, tururi yana tashi, da tsoka biyu a sama. Wallahi sai da yawuna ya tsinke. Na yi godiya na ce na ƙoshi. Ta dube ni, ta dubi haƙarƙarina da ke nunawa ta wuyan riga.

"Doki naka yana ci, kai ba ka ci. Ko don ni ba Musulmi ba ne?"

Na rantse mata ba haka ba ne. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin sikeli da laba, amma yaya za ka gaya wa mai sayar da abinci cewa aikinka shi ne ka ƙi ci? Ta ɗauke kwanonta ta tafi. Da safe duk da haka ta nuna mini hanya, ta cusa mini ƙullin gyaɗa a aljihu. Goɗiya ce ta cinye.

Abincina a tafiyar nan shayi ne ba sukari, da dabino uku da safe, uku da yamma, sai goro in yunwa ta taso da faɗa. Ba ni da sikeli, sai wata igiya da na ɗaura a ƙugu mai ƙulli, wadda na auna a gida ranar da nauyina yake daidai. Kullum igiyar tana ƙara sakewa, ni kuma maimakon hankalina ya kwanta sai in ce ruwan wanka ne ya miƙar da ita, in matsar da ƙullin ciki. Wanda sikeli ya taɓa kunyatawa a gaban jama'a ba ya yarda da igiya.

Daga Masaka a ƙafa na shiga Abuja, ina jan goɗiya da ragama. Ba a hawan dokin tsere a kan kwalta, ƙafafunsa su ne dukiyarsa. Amma wa ya san wannan a hanyar Keffi? Masu manyan motoci cike da teburan ofis da kwalaye suna wucewa suna yi mini ihu, wai ga mai doki yana tafiya a ƙasa. Wani ya leƙo ya tambaye ni ko dokin ne ya saye ni. Na so in rama, ba ƙarfin ɗaga murya. Mun kwana ɗaya a hanya a gindin wani mangwaro kusa da masu gadin kayan gini, washegari da hantsi muka shiga gari.

Ban taɓa ganin gari irin wannan ba, kuma har na bar shi ban gane shi ba. Titi mai faɗin filin idi, ba kowa a kai, ka bi shi ka bi shi sai ya ƙare a cikin ciyawa. Unguwanni ba su da suna sai lamba. Ka tambayi mutum hanya, ya ce shi ma shekaranjiya aka kawo shi. A Damagaram in ka ɓata sai ka nemi tsoho, nan kuwa ba tsofaffi, kowa baƙo ne, kowa riƙe da takarda yana neman wani wuri. Na tuna ƙofar gidanmu da tsamiyar da muke ɗaure dawaki, na ji kewar gida ta kama ni.

A Durumi na sami masauki, inda 'yan ci-rani suka kakkafa ɗakunan langa-langa. Wani Bazazzagi mai sayar da ƙusa da kwano da fenti, Malam Shitu, ya gan ni ina ba goɗiya ruwa a bakin famfo, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Damagaram sai ya ce ai kakarsa mutuniyar can ce, don haka ni ɗan'uwa ne. Ya ba ni ɗakin da yake ajiye kaya, ya ba goɗiya inuwa a bayan shago, har da buhu ya rataya mata don ƙuda. Ban roƙe shi ba, bai kuma tambaye ni kwana nawa zan yi ba.

Da la'asar ɗin farko aka fito mini da tuwon shinkafa miyar kuka daga cikin gida, daga hannun matarsa Rabi. Na buɗe, na shaƙi ƙamshi, na rufe, na mayar. Na yi wa Malam Shitu bayani, ya ce to, Allah ya ba da sa'a, amma na ga fuskarsa ta canja. Washegari aka kawo dambu. Na mayar. Rana ta uku fate, irin na Zazzagawa, wai ko ba na son abu mai nauyi ne. Na mayar. Malam Shitu ya gaya mini a hankali cewa uwargida tana tambaya ko ƙazantarta na gani, ko kuwa wani ya ce mini tana sa wa baƙi wani abu a abinci. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma duk sanda na kai hannu kusa da kwano sai in ga mai awon nan na Ikko yana duƙawa yana karanta laba biyu. Bayan kwana shida kwano ya daina fitowa. Malam Shitu yana amsa gaisuwata, sai dai ya daina zama hira.

Neman ofishin tsere kuwa, kai, Allah kada ya maimaita. Adireshin da ke kan wasiƙar ya kai ni wani dogon gini, aka ce hawa na huɗu. Na hau, na tarar hawa na huɗu ba rufi, magina ne a ciki suna kwaɓa siminti. A ƙasa wani ya karanta wasiƙar ya ce wannan sashen bai taso daga Ikko ba tukuna. Wani a tebur na kusa da shi ya ce a'a, ya taso tun bara, an haɗe shi da wani. Suka shiga musu da Turanci suka manta da ni. Aka tura ni wurin masu kula da wasanni, na tarar da su zaune a kan kwalaye, ba kujeru, suka ce fayil ɗinsu yana cikin motar da ba ta iso ba. Su suka tura ni wurin likitocin dabbobi, waɗanda suka yaba goɗiya ƙwarai, suka gargaɗe ni da tsando, ƙudan nan mai sa wa doki ciwon sammore, sannan suka ce su ba su san wani tsere ba. Abin da ya fi rikita ni shi ne ba wanda ya taɓa ce mini babu. Kowa cewa yake in dawo, ko in je gaba.

A ofishin masu rabon filaye wata mata mai gilashi ta tausaya mini. Ta shimfiɗa wata ƙatuwar taswira, ta bi da yatsa, sai ga wani kore mai siffar ƙwai. Ta ce ga filin sukuwarku nan, oga, yana nan a zane. Na yi murna har na kusa rawa. Ta kwatanta mini, na yi sammako na ja goɗiya, muka yi tafiyar awa uku. Abin da na tarar gonar doya ce, kunya-kunya har gindin dutse, da wani dattijo Bagware yana aiki. Na tambaye shi filin sukuwa. Ya ce shi dai an taɓa zuwa an kafa wani ƙarfe a gonarsa shekarun baya, an ce za a dawo, ba a dawo ba. Ya nuna mini ƙarfen, ya ɗaure akuya a jiki. Ya gasa mini doya, na ƙi ci, shi ma na bar shi yana kallona.

Har macuci na gamu da shi. Wani mai kwat da jaka ya tare ni a ƙofar wani ofis ya ce shi ɗan kwamitin tsere ne, an canja fili, kuma gobe za a rufe karɓar suna. Ya ce in ba shi takardar asalin goɗiya ya kai a buga hatimi ya dawo mini da ita. Na zaro takardar, har ya kama gefenta. Allah ya sa na tambaye shi ina aka ajiye sikeli, ina so in auna kaina tun da wuri. Ya yi dariya ya ce ai ba a auna mutum, mutum buhun masara ne? Na fizge takardata. Wanda bai san ana auna mahayi ba bai taɓa taka filin sukuwa ba. Da ya tafi da takardar nan, da kowace goɗiya ja mai farin goshi ta zama jinin Ingila a hannunsa, tawa kuma ta zama ta jan kura.

Kwanaki suna ta tafiya. A ƙa'idar masu tsere, duk dokin Ingila ranar farko ta sabuwar shekarar Turawa yake ƙara shekara, ko yaushe aka haife shi. Saura mako uku 'Yar Gata ta zama 'yar huɗu a takarda, shi ke nan ta fita. Ni kuma na fara ganin duhu in na miƙe daga sujada. Da safe nakan sa leda a ƙarƙashin riga in zagaya a guje ina jan goɗiya don in yi gumi, rannan sai farkawa na yi a ƙasa tana shinshina mini fuska. Ban gaya wa kowa ba. Na fara zargin kaina, ko na yi kuskuren gari ne, ko akwai wata Abujar.

Malam Shitu, mutumin da na ɓata wa rai a gidansa, shi ne ya nemo mini Malam Tukur mai wasiƙar. Ashe duk ma'aikacin da ya zo sayen fenti ko makulli sai ya tambaye shi ko ya san wani Tukur mai harkar dawaki, har ya dace da wanda ya san gidansa. Ya zo ya gaya mini a tsaye, bai zauna ba, ya ce in shirya ranar Asabar zai raka ni.

Gidan ɗaki biyu ne a wani bene na ma'aikata, kwalaye har rufi, ba a kwance ba. Malam Tukur dattijo ne dogo mai furfura, Bakatsine, yana gab da ajiye aiki. Ina ganinsa na gane shi, shi ne mai awon nan na Ikko. Na miƙa masa wasiƙarsa. Ya karanta, ya cire gilashi. Sannan ya tambaye ni daga ina na taho da goɗiyar, na ce Damagaram. Ya ce inna lillahi, ya sa muka zauna.

Shi ya ba ni tarihin tseren, abin da ban taɓa sani ba duk da shekarun da na yi ina mafarkinsa. Ya ce Turawan mulki ne suka fara shi don su debe kewar ƙasarsu, suna kawo dawaki a jirgin ruwa. Da suka tafi sai manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka gaje shi, da kofin, da littafin, da sikelin. Gine-gine suka cinye filin farko, aka koma bayan gari. Dawakin Ingila suka yi tsada, masu kawo su suka ragu, har a tseren ƙarshe dawaki huɗu ne kacal suka fito. Da maganar tashi ta zo, kowa ya ɗauka sabon gari zai farfaɗo da shi, shi ya sa ya rubuta wasiƙu da zuciya ɗaya. Sai aka kwashe 'yan kwamitin kashi-kashi, wani bana, wani baɗi, wasu suka ƙi tasowa suka ajiye aiki. Mutum biyu da suka kawo dawakinsu, sammore ya kashe su a damina ɗaya. Fili kuwa yana nan a taswira. Ya ce ba a taɓa zama an ce an daina ba, shi ya sa bai rubuta wa kowa cewa an daina ba. Kullum yana ganin baɗi za a yi.

Na tambaye shi, to bana fa? Na san amsar, amma ina so in ji a bakinsa.

"Babu bana, Malam Isuhu. Babu baɗi ma. Yau na fara faɗa da bakina. Ka yafe mini."

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba, ni da nake da saurin fushi. Kaina ne ya yi fayau kamar an kwashe kayan ɗaki. Ya jawo wani kwali ya fito da littafin tsere, ya yi ta buɗawa har ya kai shekarar tawa, ya nuna mini sunana da ja a kai, da rubutun hannunsa a gefe. Ya ce ya tuna ni, don ya daɗe bai ga mahayin da aka sauke ya tsaya ya kalli tseren har ƙarshe ba. Kofin ma yana nan a cikin kwalin, an naɗe shi da tsohon zane, ya yi baƙi.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ji bakina yana tambayar ina sikelin. Ya ce ba shi da wurin ajiye shi, ya ba wani Banufe mai kifi a Kado aro, yana auna kwanduna. Na ce ina so in hau. Malam Shitu ya dube ni kamar na taɓu, amma Malam Tukur ya tashi ya ɗauki hularsa.

Muka biya Durumi na ɗauki sirdi, na ja goɗiya, su biyun suna biye a hankali a tsohuwar motar Malam Tukur. A Kado masu kifi sun kafa rumfuna, ƙarni ko'ina, ƙudaje, mata suna ciniki. Ga sikelin a bakin wata rumfa, da kujerarsa ta katako da ma'auninsa na tagulla, an ɗora masa kwandon tarwaɗa. Mai kifin ya ce shi ma ya gaji da shi, laba yake nunawa, masu saye kuma kilo suke so. Ya sauke kwandon, ya goge kujerar da tsumma. Na cire takalma, na rungumi sirdi, na zauna. Mutane suka fara taruwa suna tambayar ko sayar da ni za a yi.

Malam Tukur ya sa gilashi, ya duƙa, ya matsar da ma'aunin kamar yadda ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya matsar baya. Ya ƙara matsarwa baya. Ya ɗago ya dube ni.

"Saura laba tara ka kai. Da sai mun cika maka da dalma." Sannan ya gyara tsayuwa ya faɗa da muryar aiki: "Mahayi ya wuce. Je ka hau."

Maganar da na yi shekara goma sha ɗaya ina jira ke nan, na same ta a tsakiyar kasuwar kifi. Amma ba ita ta tsaya mini a rai ba, laba taran nan ce. Sakwarar Mama Ladi, doyar dattijon nan, tuwon Rabi da dambunta da fatenta, duk da na ci da ba abin da zai faru. Na ɓata wa mutanen da suka ji ƙaina rai a banza, ko da a ce akwai tseren.

Na ɗaura wa 'Yar Gata sirdi na hau, karo na farko tun barinmu gida. Ta ɗaga kunnuwa, ta tattara jikinta tana jiran in sake ta. Ba inda za mu ruga, gaba kwanduna, baya motoci. Na shafa wuyanta, muka bi gefen hanya da tafiyar ƙasaita har Durumi. Ba ta taɓa yin tsere ba har ta mutu, sai 'ya'ya da ta haifa wa Alhaji Lawali, shi kuwa da na koma na ba shi labari cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da la'asar na iso, na ɗaure ta, na ba ta ruwa. Na je ƙofar gidan Malam Shitu na yi sallama, ya fito. Na durƙusa, ni da gemuna, na ce a roƙa mini uwargida gafara, kuma in akwai sauran abinci a taimaka mini, yunwa nake ji. Ya juya ya shiga. Na daɗe a tsugune, ina jin motsin tukunya da ƙarar murfi, har na ɗauka ba za a kawo ba. Can sai ga shi da tabarma da kwano, tuwon shinkafa miyar kuka, sabon tuƙi, irin na ranar farko.

Loma uku na yi cikina ya ƙulle, ya manta aikinsa. Hawaye suka zubo mini a cikin miya, na kasa tsayar da su. Na ture kwanon kaɗan. Malam Shitu ya turo shi gabana, ya gyara zama ya jingina da bango.

"Ta ce kada kwanon nan ya koma mata da komai a ciki. Ci a hankali, ba inda za ni."

Sai da aka kira magariba na suɗe shi.